Ƙullin Da Baba Ya Aika Wa Kumanda Khalida

Kwana tara ban leƙo ku ba, na sani. Na ga saƙonninku duka, har da na wadda ta ce ko an yi bikin ne ban gayyace ta ba. Ba a yi ba, 'yar uwa. Ki gyara zama ki ji abin da ya same ni tsakanin Laraba da Alhamis.

Ga waɗanda yau suka fara cin karo da ni, sunana Mansura, shekarata ashirin da shida, a unguwar Tahaggart, cikin garinmu na tsakiyar sahara, aka yanke mini cibi. Babana, Alhaji Tahiru, mutumin Damagaram ne, ya fi shekara talatin yana sayar da shadda da atamfa a Kasuwar Assihar. Ni kuwa jirgin sama nake tuƙawa. Kada ku hango na alhazai, ƙarami ne mai kujera huɗu, na wani ɗan kamfani da ke filin jirginmu. Sun yi mini alkawarin kujerar mataimakiyar matuƙi a jirginsu da ke ɗauko marasa lafiya daga garuruwan cikin sahara, amma da sharaɗi ɗaya: in ci jarrabawar tuƙi da agoguna kafin watan nan ya mutu.

Abin nufi, ka tuƙa jirgi ba ka ganin waje, kamar kana tsakiyar hadari. Ana ɗora maka wata hula mai dogon baki, mu muna ce mata takunkumi, ta tare maka sama da ƙasa da duwatsu. Ba abin da idonka ke gani sai agogunan da ke gabanka, su za su gaya maka tsayinka, da inda ka dosa, da ko ka karkace. Mai jarrabawa na zaune a gefenka da takarda a cinya.

To ga abin da ban taɓa gaya muku ba. Na taɓa yin jarrabawar nan a watan Afrilu, can arewa inda na yi lekkol, wato makarantar tuƙi, kuma na faɗi. Akwai wani tsayi da aka yanke, in kana saukowa ba ka da izinin wuce shi sai idonka ya ga titin sauka. Ni na wuce shi da ƙafa sittin. Mai jarrabawar, Kumanda Khalida, ta ce, "Na karɓi jirgi." Shi ke nan, magana ta ƙare. Da na dawo gida sai na ce wa Baba da Inna ɗagewa aka yi. Baba fa ya riga ya cika Assihar da labarina, duk wanda ya zo sayen yadi sai ya ji cewa 'yarsa ko a makarantar allo ba a taɓa wanke mata allo sau biyu a kan sura ɗaya ba. Da wane baki zan gaya masa? Mutum ɗaya na gaya wa, Tijani, shi ma sai da na sa ya rantse.

Tijani mutumin Agadas ne, wutar sola yake haɗawa a gidaje da garake. Shekara biyu yana zuwa zance yana tarar da ni da littafi a hannu, bai taɓa cewa in ajiye ba. Kawunnansa biyu sun riga sun taso daga Agadas, ranar Juma'a za su zo gidanmu neman aure. Jarrabawa Alhamis, neman aure Juma'a. Wadda kuma aka turo daga Alje, babban birnin ƙasar nan, ta jarraba ni, Kumanda Khalida ce dai.

Ranar Laraba tun bayan asuba nake tsakar gida a kan tabarma, na baza taswirorin sauka na danne su da kofunan shayi. In na karanta layi ɗaya sai in miƙe in zagaya bishiyar lemon da ke tsakar gidan, in dawo in sake karanta shi. Inna ta fito daga ɗaki da lafaya a kafaɗa, mai ruwan zuma da ɗigon zinare a bakinta, sai ƙamshin turaren wuta take.

"Tashi ki gwada wannan."

"Inna, bari sai gobe da yamma."

"Gobe da yamma mai lalle za ta zo. Tun Lahadi nake bin ki kamar mai roƙo. Mutane za su keto sahara saboda ke, su tarar da ke cikin wandon nan na makanikai?"

"Ai ba ni za su gani ba, Baba za su gani."

"Ji ta! Matan gidansu da ke nan garin fa, makafi ne? Sa'o'inki kowacce da 'ya'ya uku, ke kina nan kina hira da takarda."

Na miƙe na naɗa lafayar a kan wandona, na juya mata sau ɗaya, raina na kan lambobin da nake haddacewa. Ta ce ta yi, amma in daina tsayuwa kamar jandarma.

Baba na zaune a kujerarsa ta roba cikin farar jallabiya, yana shan shayi na biyu. Bai cika sa baki a maganarmu da Inna ba, amma ran nan ya ce, "Wannan matar da za ta duba ki, ta iso?"

"Ta iso jiya, Baba."

"Ina ta sauka?"

Na faɗa masa sunan otel ɗin, ban kawo komai a raina ba.

"Baƙuwa ce ke nan a garinmu," ya ce, ya kurɓi shayinsa.

Ƙarfe sha ɗaya ina buro, wato ofishin kamfani, don Kumanda ta duba takarduna. Ba ta canja ba. Mace ce da za ta kai hamsin da biyar, gajera, da ɗan kallabi baƙi da furfura a goshi, tabarau na rataye a wuyanta da igiya. An kawo mata dabino da kofi ta ce a mayar, ta ciro gorar ruwanta daga jaka. A lekkol kowa ya san labarin ɗalibin da babansa ya aika mata rago. Ta soke jarrabawarsa ta rubuta rahoto, yaron bai sake zama a kujerar matuƙi ba.

Ta buɗe littafin awoyin da na yi a sama, da Faransanci ta ce, "Awa nawa kika yi tun Afrilu?"

"Goma sha huɗu, Kumanda."

"Me ya kayar da ke?"

"Na sauko ƙasa da iyaka."

"Wannan abin da jirgi ya yi ne. Ke me kika yi?"

"Na ɗaga ido ina neman titi, na saki agogon tsayi."

Ta rufe littafin. "Gobe ƙarfe bakwai da rabi."

Ƙarfe biyu muka tashi da malamina, Mushe Salim (Mushe shi ne malam da Faransanci), gwaji na ƙarshe. Na kashe salulata na jefa a jaka. Da rana iskar da ke tasowa daga duwatsun Hoggar ba ta da mutunci, ta ɗaga ka ta sake ka kamar ana tankaɗe. Muna haurawa na ɗora takunkumi. Ba a yi minti goma ba jikina ya fara yi mini ƙaryar da ya saba: na ji wallahi jirgin ya karkata dama, kafaɗata har nauyi take, alhali agogo na cewa daidai muke. Hannuna na ƙaiƙayin ya gyara abin da bai ɓaci ba.

"Kin fara jingina," in ji Mushe Salim ta abin kunne. "Zauna daidai. Idonki ya yi ta yawo, kada ya kwana a agogo ɗaya."

Ya manna takarda ya rufe mini agogo guda, kamar ya mutu. Muka yi zagayen jira, irin na jirgin da ke jiran izinin sauka, sau uku, ina ƙirga minti ɗaya a kowane miƙe. Sannan muka nufo sauka. Komai na tafiya lafiya har muka kusa iyaka, sai Afrilu ta faɗo mini a rai, na ji muryar Kumanda a kunnena tana cewa ta karɓi jirgi. Kafin in ankara allura ta wuce da ƙafa ashirin.

Mushe Salim bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Sai da muka sauka na kashe inji ya ce, "Ashirin ɗin nan gobe gida za su kai ki. Kin iya jirgi, Mansura, shirunki ke cutar ki. In kin yi shiru sai ki tafi wani wuri. Ki riƙa faɗin lambobin da ƙarfi, da kowane yare kika ga dama."

Ina tafiya zuwa buro na kunna salula. Saƙonnin Tijani suka shigo a jere.

"Kumandata, Baba ya kira ni shago. Ya ba ni ƙulli in kai wa mai jarrabawarki a otel."

"Shadda ce yadi goma, da atamfa turmi ɗaya, da kilishi da turare. Ya ce kado ne, kyautar baƙunta."

"Na kira sau huɗu ba ki ɗauka ba. Ina ƙofar otel ɗin a kan babur. In shiga?"

Na duba lokacin saƙon ƙarshe, minti arba'in da suka wuce. 'Yan uwa, a kan dakalin bakin rumfar jirage na zauna. Nan take na kira shi.

"Ka ba ta?"

"Ban ba ta ba. Ina nan a inuwa ina jiran ki."

"Alhamdu lillahi! Tijani, kada ka kuskura. In ƙullin nan ya shiga hannunta na gama tuƙi a duniya. Ba za ta ce kado ba, toshiyar baki za ta ce."

"Na zargi haka, shi ya sa na tsaya. To me zan ce wa Baba?"

"Ka ce ka kai. Ka ɓoye shi a ɗakinka, bayan jarrabawa na san yadda zan yi."



"Mansura, jibi kawunnaina za su durƙusa a gabansa. Aike na farko ke nan da ya taɓa yi mini. In fara da ƙarya?"

"Ƙaramar ƙarya ce!"

"Gobe in ya haɗu da ita a filin jirgi ya ce ko shaddar ta yi mata, sai me?"

"To ka ce ba ka same ta ba."

"Sai ya ce in koma da magariba. Ki bar ni in je in gaya masa bai dace ba, cikin ladabi. Baba mai hankali ne."

"Ba ka san Baba ba. Duk abin da za ka ce, maganar Afrilu dai kada ta fita bakinka. Ka rantse mini."

"Na ji," ya ce, ya kashe.

Ban iya zama a buro ba, ban kuma iya tafiya gida ba. Na buɗe littafi na rufe, na sha ruwa, na yi la'asar, ban san me na karanta a raka'a ta biyu ba. Sai wajen biyar da rabi na shiga taksi. Muna karyo kwanar layinmu na hango kat-kat, babbar motar Baba, a ƙofar gida. Baba bai taɓa rufe shago kafin magariba ba, ko ranar da aka haifi ƙanwata sai da ya gama ciniki.

Yana zaune a tsakar gida bai cire hula ba, ƙullin na gabansa a kan tabarma. Inna na tsaye a ƙofar madafa da ludayi a hannu, idonta ja. Na durƙusa na gaishe shi.

"Ɗagewa aka yi a watan Afrilu?" ya ce.

Ƙasa kawai nake kallo.

"Tambayarki nake."

"A'a, Baba. Faɗuwa na yi."

"Wata shida. Wata shida kina gaishe ni safe da yamma da wannan a cikinki." Bai ɗaga murya ba, kuma wallahi gara ya zage ni. "Shekaranjiyan nan nake gaya wa maƙwabcina Alhaji Muntari cewa laifin mutanen Alje ne da ba su da tsari. Ni da furfurata ina yi wa mutane ƙarya ban sani ba."

"Baba, kunya na ji."

"Kunyata kika ji, amma ba ki ji kunyar baƙo ba? Faɗuwa ba ta dame ni ba, Mansura. Wanda bai taɓa faɗuwa ba bai yi tafiya ba ne. Amma a ce a bakin yaron da ko gaisuwar iyaye ba a kawo masa ba zan ji abin da ke cikin gidana, a tsakar kasuwa?"

Inna ta ce a hankali, "Alhaji, maganar Juma'a fa?"

"Ban ce komai ba tukuna." Ya miƙe ya ɗauki buta.

Na shiga ɗaki na turo ƙofa. Kada in yi muku ƙarya, ba nadama ce ta fara zuwa mini ba, fushi ne. Awa biyu ba a yi ba da na tuna masa rantsuwarsa! Lafayar Inna na shimfiɗe a kan gadona, na ture ta gefe na zauna na rubuta:

"Ka rantse mini, Tijani. Wanda bai iya riƙe mini magana ɗaya ba, da wace zuciya zan ba shi rayuwata? Ka gaya wa kawunnanka kada su wahalar da kansu."

Na tura. Ya kira, na yanke. Ya sake kira, na yanke. A na uku na kashe salular gaba ɗaya na cusa ta ƙasan jakar jirgina.

Da safe na sa farar rigar aiki da baƙin wando, na ɗaura ƙaramin hijabi mai ruwan toka wanda ba ya hana abin kunne zama. Inna ta tura mini kofin kunu, ta tofa addu'a a tafin hannunta ta shafa mini a ka, ba ta ce komai game da lalle ba. Na fito zan nemi taksi, sai na tarar da Baba a cikin kat-kat, inji na aiki.

"Shiga," ya ce.

Muka kama hanya daga Tahaggart zuwa filin jirgi. Ko rediyo bai kunna ba. A bakin ƙofa ya tsaya, hannunsa na kan sitiyari, bai kalle ni ba.

"Je ki. Ina nan."

"Baba, za a kai azahar."

"Na ce ina nan."

Kumanda Khalida ta fara da tambayoyin baki. In rediyo ya mutu ina cikin gajimare me zan yi, man da ke tanki zai kai ni wane fili in namu ya rufe, me wannan alamar ke nufi a taswira. Awa guda tana juya ni. Na yi tuntuɓe a tambaya ɗaya, na ce ban tabbata ba amma na san shafin da zan duba, ta ce in duba. Da muka gama ta cire tabarau ta ƙura mini ido.

"Kin yi barci?"

"Kaɗan, Kumanda."

"Hankalinki yana nan ko yana gida?"

Na buɗe baki zan ce yana nan, sai na ji na gaji da irin wannan amsar. "Jiya an samu damuwa a gida. Ban warware ta ba."

"Ke ce matuƙiya. In kin ce kada mu tashi, ba faɗuwa ba ce, amma ni gobe zan koma Alje. Yanke."

Na tambayi kaina da gaske, ba don Baba ba, ba don kujerar aiki ba. Na ce, "Za mu tashi."

Iskar safe ta fi ta rana sauƙi. Muna barin ƙasa na ɗora takunkumi, duniya ta koma agoguna shida. Ta sa na haura, ta sa na juya, ta rufe mini agogo da takarda. Ta karɓi jirgi ta ce in runtse ido, ta karkata shi ta dungurar da hancinsa, sannan ta ce in buɗe in gyara. Na gyara. A zagayen jira na makara wajen juyawa da daƙiƙa kaɗan, na ji ƙarar alƙalaminta a kan takarda. Na ce wa kaina wannan ya wuce, ki tuƙa wanda ke gabanki.

Mutanen hasumiyar filin jirgi suka ba mu izinin nufo sauka. Allurar tsayi ta fara sauka, ga tunanin ya taso kamar jiya, Afrilu, da fuskar Baba, da saƙon da na tura. Sai na buɗe baki, da Hausa, da ƙarfi.

"Saura ɗari biyar. Gudu daidai. Saura ɗari uku. Saura ɗari biyu, hannu a kan wuta. Saura ɗari. Saura hamsin."

"Ba ki ga titi ba," in ji Kumanda.

Ban ɗaga ido ba. Na tura wuta gaba ɗaya, na ɗaga hancin jirgi, inji ya yi ruri. Allurar ta taɓa iyaka, ta tsaya kamar mai shawara, sannan ta fara hawa. Gumi na gangarowa ta cikin hijabina har wuya. Na kira hasumiya na ce mun fasa sauka, muryata kamar ba tawa ba.

Muka zagayo na biyu. Na sake ƙirgawa. A daidai iyaka ta ce, "Cire hular." Na cire. Ga titi shimfiɗe a gabana, fararen layukansa tsaf a tsakiyar gilashi, duwatsu can nesa cikin rana. Na ajiye jirgin.

A buro ba ta yi murmushi ba. Ta karanto mini laifuffukana ɗaya bayan ɗaya: na makara a juyin jira, ina sauri a rediyo kamar ana kora ta, na riƙe sandar tuƙi da ƙarfi har yatsuna sun yi fari. Ina ta cewa to.

"Wane yare ne kike ƙirga da shi?"

"Hausa, Kumanda."

"Ban ji ko kalma ɗaya ba, amma na ga allura. Kada ki daina." Ta ja takardar ta sa hannu, ta buga hatimi, ta turo mini. "Kin ci."

Ban san yadda na fita ba. Mushe Salim na yi mini magana a baranda na wuce shi da gudu. Kat-kat ɗin na inda na bar ta, rana ta cinye inuwar da Baba ya fake a ciki, ya buɗe ƙofa yana jan carbi. Na miƙa masa takardar. Bai iya Faransanci sosai ba, hatimin ya shafa da babban yatsa.

"An ci?"

"An ci, Baba."

"Alhamdu lillahi." Ya juya kai wajen taga ya daɗe, sannan ya tayar da mota.

Mun hau kwalta ya ce, "Yaron nan, kin san abin da ya yi jiya?"

"Na sani. Ya tona ni."

"Ba ki sani ba. Da ya dawo mini da ƙullin ya ce bai dace ba, raina ya ɓaci. Na ce tunda ya raina aikena, ni zan kai da kaina. Na ɗauki makulli. Sai ya tsaya a ƙofar shago ya tare. Ya roƙe ni da Allah, ya roƙe ni da iyayena, ban saurare shi ba. Na ce ya matsa ko kuwa kawunnansa kada su tako gidana. Bai matsa ba. Sai da ya ga na kama hannunsa zan ture shi, sannan ya faɗi maganar Afrilu, yana kuka kamar mace." Baba ya girgiza kai. "Da bai faɗa ba, da na kai. Da yau ni na kayar da ke da hannuna."

Na zazzage jakata a cinya, taswirori suka zube, na lalubo salular na kunna. Saƙo ɗaya ne, na murya, tun ƙarfe shida na safe. Ban ko tuna Baba na gefena ba na danna.

"Mansura, na ji abin da kika ce, kuma kina da gaskiya, na karya rantsuwa. Kawunnaina yau za su kwana In Gezam, garin bakin iyakar ƙasa. Irin wannan magana ba a faɗa wa manya a salula, zan shiga motar ƙarfe ɗaya in tare su can in mayar da su. Ba zan gaya musu dalili ba. Ki kula da agogon tsayi. Allah ya ba ki sa'a."

Na kira. A kashe. Na sake kira, a kashe. Hawaye suka rufe mini lambobin.

Baba bai tambaye ni me na ce masa ba. Ya dubi agogon hannunsa kawai.

"Ƙarfe nawa ya ce?"

"Ɗaya, Baba."

"Saura minti goma sha takwas. Ni na yafe masa tun jiya. Ke fa?"

Kai na gyaɗa ina share ido da gefen hijabi. Ga kwanar Tahaggart a gabanmu, inda Inna ke jiran mu kafin mai lalle ta zo da yamma. Baba bai ko rage gudu ba. Ya wuce ta, ya canja giya, ya miƙi hanyar tashar motocin kudu yana danna oda.